Yadda Ake Zaɓen Tsohuwar Kyamarar Fim 120 Mai Araha da Ƙarko

Fim ɗin 120 faɗinsa kusan milimita 61 ne. A naɗe yake a kan kwarkwaro, da takarda a bayansa mai kare shi daga haske. Kamfanin Kodak ne ya fito da shi a 1901, kuma har gobe ana yin sa. Hoto ɗaya na santimita 6×6 a wannan fim ya ninka na fim ɗin 35mm fiye da sau uku da rabi a girma, shi ya sa yake fita da laushi da cikar bayani ko da idon kyamarar ba wani na a-zo-a-gani ba ne. Sai dai kyamarorin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya saya, yawancinsu an ƙera su ne tsakanin 1950 da 1985, kuma kamfanoninsu sun daɗe da daina yin kayan gyaransu. Don haka lafiyar injin za ka bi, suna ya zo daga baya. Yashica da ke aiki daidai ta fi Rolleiflex da ta shekara talatin a akwati ba a taɓa ta ba.

Kayan da za ka tanada kafin ka je dubawa

- Ƙaramar tocila mai haske sosai. Ta waya ma ta isa.
- Gilashin ƙara girma. In babu, idon wata kyamarar mai milimita 50 da aka juya baya zai yi aikin.
- Kwarkwaron 120 fanko. Ba a sa fim sai da shi, kuma sau da yawa kyamara kan zo babu shi.
- Lalataccen fim ɗin 120 guda ɗaya, da takardarsa, don gwada naɗi.
- Sabon fim baƙi da fari mai ISO 100 (ISO ma'aunin saurin kama haske ne na fim), kamar Fomapan 100, ko Ilford FP4 Plus mai ISO 125.
- Guntun gilashi mai dishi-dishi wanda zai rufe tagar fim. In ba ka samu ba, salatif mai hazo da za ka manna a miƙe ya wadatar.
- Igiyar danna shota mai makulli, da tef ɗin awo.
- Batirin da ya dace, in mai batir ce.
- Ma'aunin haske, ko manhajarsa a waya.
- Littafin kyamarar. Na galibin tsofaffin nan yana intanet, ka karanta kafin ka taɓa ta.

1. Fara da fim da wanki, sannan kyamara

Tabbatar kana da inda za ka riƙa samun fim ɗin 120 da inda za a wanke maka shi. Ba duk mai wanke 35mm ne ke karɓar 120 ba. In babu mai wankewa, baƙi da fari ana iya wanke shi a gida da tankin wanki mai kwarkwaron da ke buɗewa zuwa faɗin 120, sai sinadarai biyu ko uku, da jakar duhu. Ka kuma yi tunanin yadda za ka mayar da hoton cikin kwamfuta: sikana mai fitila a murfinta, ko ka ɗauki nagatif ɗin da kyamarar dijital a kan farin haske.

Kuɗinka ka raba shi uku: kyamara, gyara, fim da wanki. Kada kyamarar kaɗai ta cinye fiye da kashi biyu cikin ukun. Wanda ya zuba duk abin hannunsa a jikin kyamara shi ne yake ajiye ta a kanta ranar da shota ta cije.

2. Zaɓi girman hoto

Fim ɗaya ne, kyamara ce ke yanka shi. Mai 6×4.5 tana ba da hoto 15 ko 16, mai 6×6 tana ba da 12, mai 6×7 tana ba da 10, mai 6×9 kuma 8. Ga mai farawa 6×6 ta fi: hoton murabba'i ne, ba sai ka karkata kyamara ba, kuma a nan aka fi samun masu araha. In tsadar fim ce damuwarka, 6×4.5.

3. Zaɓi nau'in kyamara

A nan ne mutane suka fi ruɗewa, don haka bari a zauna a kai.

*Mai ido biyu*, wadda masu sayarwa ke rubuta wa TLR. Idon sama na leƙe ne, na ƙasa shi ke ɗaukar hoto. Kana riƙe ta a daidai ciki kana duban gilashin da ke samanta, hoton kuma yana zuwa dama a hagu, abin da hannu ke sabawa da shi cikin kwana kaɗan. Madubinta ba ya motsi, shotarta ƙananan ganyayyakin ƙarfe ne a cikin ido, ba ta buƙatar batir. Ƙarancin sassa masu motsi shi ne sirrin ƙarkonta, kuma ita ce shawarar farko ga wanda bai taɓa riƙe irin wannan kyamara ba.

A cikinsu, Yashica-Mat 124G, wadda aka yi daga 1970 zuwa 1986, ita kowa ke ambata, shi ya sa kuɗinta ya wuce darajarta. Yawancin Yashica-Mat na asali da Yashica-Mat 124 ido ɗaya suke da ita, Yashinon 80mm f/3.5 (lambar f tana nuna girman kafar haske, ƙaramar lamba na nufin babbar kafa), kuma sukan fi sauƙi. Yashica-D ta fi su duka sauƙin inji: da murɗa maɓalli ake naɗa fim, a ɗana shota daban, babu hannun juyawa mai haƙora da yawa da zai cinye. Yashica-D ƙirar farko tana da ido Yashikor mai gilashi uku, ƙirar baya tana da Yashinon mai huɗu, don haka karanta rubutun da ke zagaye da idon ƙasa. Rolleicord, ƙanwar Rolleiflex da kamfanin Franke & Heidecke na Jamus ya fito da ita a 1933, ƙirarta ta fi ta Yashica nagarta. Nemi V, Va ko Vb masu ido Xenar 75mm f/3.5. Minolta Autocord idonta Rokkor yana da kaifi ƙwarai, amma tana da lago guda: libar saiti da ke ƙarƙashin ido an yi ta da ƙarfe mai gautsi, in giris ya daskare aka matsa mata sai ta karye. Mamiya C220 da C330 su ne ake canza wa ido, daga 55mm har 250mm, kuma suna matsowa kusa da abu fiye da sauran, waɗanda ba sa sauka ƙasa da kimanin mita ɗaya. Kuɗin wannan gata nauyi ne: C330 da idonta ta kai kusan kilo 1.7, alhali Yashica ba ta wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba. Lubitel ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet ta fi kowa araha, sai dai gilashin leƙenta yana da wuyar saiti, kuma hakan kan sa mai koyo ya yi zaton laifinsa ne.

*Mai naɗewa.* Wannan tana da zugazugi irin na maƙeri tsakanin ido da jiki, in an rufe ta sai ta shiga aljihun babbar riga. Babu wadda ta kai ta araha da sauƙin ɗauka. Zeiss Ikon Nettar ce abin dogaro a nan, don zugazuginta na fata yakan daɗe. Agfa Isolette hotonta na da kyau, amma ta yi suna da cuta biyu: zugazugin da ke hujewa a kusurwa, da wani koren giris da ke daskarewa ya kama zoben saiti gam. Kada ka saye ta sai wadda aka riga aka canza wa zugazugi. Yawancin masu naɗewa ba su da ma'aunin nisa, da ido za ka ƙiyasta ka murɗa zoben zuwa lambar. Masu ma'aunin, irin Super Ikonta, kuɗinsu ya ɗaga.

*Mai ido ɗaya da madubi mai tashi*, wato SLR. Abin da ka gani shi za ka ɗauka, ana canza ido, wasu ma ana canza musu gidan fim a tsakiyar aiki. Mamiya M645 ta 1975 da M645 1000S, da Bronica ETRS da SQ-A, su ne masu sauƙin kuɗi a wannan layi. Dukkansu shotarsu da lantarki take aiki, da batir mai bolt 6 irin 4SR44 ko 4LR44, kuma in allon lantarkin ya mutu sai dai a ciro na wata. Bronica tun 2005 aka daina yin ta. Mamiya RB67, wadda ta fito a 1970, babu batir ko ɗaya a jikinta, masu ɗakin hoto sun yi shekaru suna gasa mata aiki ba ta gaza ba. Amma da ido da gidan fim ta haura kilo biyu da rabi, ta ɗorawa a kan madogarar kyamara mai ƙafa uku ce, ba ta yawo ba. Hasselblad 500C/M da Pentax 6×7 nagari ne, sun dai fita daga sahun masu araha.

Game da ido, abin da kake buƙatar sani kaɗan ne. Masu gilashi uku, irin Novar, Apotar da Yashikor, gefen hotonsu yakan yi laushi in an buɗe su gaba ɗaya, amma a f/8 ko f/11 sai mai neman aibi ne zai bambanta su da manya. Masu gilashi huɗu, irin Tessar, Xenar, Yashinon da Solinar, sun fi kaifi a buɗe. In bambancin kuɗin ya yi yawa, ɗauki mai uku mai tsabta.

4. Kawar da waɗanda za su ba ka wahala

Buɗe bayan kyamara ka karanta irin fim ɗin da take ci. Mai 620 fim ɗinta daidai yake da 120, amma kwarkwaronta ya fi siriri, an kuma daina yin sa a 1995. Ana iya sake naɗa 120 a kan kwarkwaron 620 cikin duhu, sai dai aiki ne da za ka maimaita a kowane fim. Da yawa daga cikin tsofaffin Kodak masu naɗewa a nan suka faɗa. Mai 127, irin Yashica 44, ƙarama ce mai kyan gani, fim ɗinta kuwa sai an tona. Gidan fim mai rubutun 220 yakan zo da araha don fim ɗinsa kusan ya ɓace, kada arahar ta ja ka.

Kiev 88, Kiev 60 da Pentacon Six suna da idanu masu kyau a farashi mai daɗi, amma araha ba ta ado. Kiev 60 da Pentacon Six sun saba hawa hoto kan hoto, Kiev 88 kuma tana iya cijewa in aka canza gudun shota kafin a ɗana ta. Ka bar wa wanda ya iya kwance su.

5. Duba jiki

Goguwar fenti da ɓantarewar fata ba komai ba ne, suna ma rage kuɗi. Lotsewa ita ce abin tsoro, musamman a bakin ido ko a kusurwa, don alamar faɗuwa ce. Duba kawunan sukurori: in sun cinye, wani wanda bai iya ba ya taɓa shiga ciki. Shinshina cikinta. Warin laima yana nufin fumfuna na kusa.

A mai ido biyu, murɗa saiti har allon gaba ya fito, ka dube shi ta sama da ta gefe. Ratar da ke tsakaninsa da jiki ta zama daidai a kowace kusurwa. In gefe ɗaya ya fi fitowa, allon ya karkace, rabin hotonka zai riƙa fita a dushe, gyaran kuma ba na gida ba ne. Juya ta ka dubi ƙofar baya. Ƙofar irin waɗannan kyamarori ita ce ke lanƙwasowa ta zama gindi, kuma tana lanƙwashewa in an ɗaure ta da ƙarfi a kan ƙafa uku.

A mai naɗewa, danna maɓallin buɗewa kana tare ƙofar da hannu, kada ka bari ta faso da ƙarfi. In ta kulle, kama idon da yatsu biyu ka girgiza a hankali. Ya tsaya kyam. In yana rawa, ajiye ta.

6. Duba ido

Sa shota a B, inda take zama a buɗe muddin kana danne da ita, buɗe kafar haske gaba ɗaya, buɗe ƙofar baya, danna ka riƙe. Haska tocila ta baya a karkace, kai kuma ka leƙa ta gaba, sannan ka juya. Kada ka haska kai tsaye cikin idonka, ba abin da za ka gani.

Ƙura 'yar kaɗan babu ruwanta da hoto, babu tsohon ido da ba shi da ita. Ƙananan ƙarce a gilashin gaba ma da sauƙi, na gilashin baya ne ke nunawa. Fumfuna tana kama da zare-zare farare masu rassa, yawanci daga gefe take farawa. In sabuwa ce tana goguwa, in ta daɗe takan ci gilashin ta bar tabo. Hazo, wato farin dishi da ya mamaye gilashi, ya fi duka ɓata hoto, yana kashe baƙi ya mayar da shi toka-toka. In man da ya tashi ne ya kwanta a kan gilashi, yana wankuwa. In a tsakanin gilasai biyu da aka manne yake, ko ka ga launin bakan gizo ko rawaya na cin gefe, gam ɗin ne ya saki, bar ta kawai.

A mai ido biyu, idon ƙasa ne za ka tsananta wa bincike. Aibin na sama ba ya shiga hoto. In gilashin leƙe ya yi duhu, galibi madubin ciki ne ya ci ƙura ko azurfarsa ta zube, kuma canza shi ba tsada. Kada ka goge madubin da tsumma: azurfar a samansa take, shafa ɗaya ta isa ta kwashe ta.

7. Gwada shota

Fara daga sakan ɗaya. Ɗana, danna, saurara. Lafiyayya tana yin wata 'yar ƙara "zzzz" a jere ba yankewa, ta rufe daidai da sakan ɗaya na agogon wayarka. In ta yi sakan biyu, ko ta tsaya a hanya sai an ƙwanƙwasa, man ciki ya daskare. Bi sauran ɗaya bayan ɗaya, kowanne sau uku, kana kallon haske ta baya. Kowane mataki ya zama kamar rabin na bayansa, kuma bugu ukun su yi kama da juna. Shota mai jinkiri iri ɗaya kullum ana iya zama da ita, wadda ke canzawa daga bugu zuwa bugu ita ce ba a iya lissafa mata.

Kada ka damu in lambobin su ne 1, 2, 5, 10, 25, 50, 100 maimakon 1, 2, 4, 8, 15, 30, 60. Tsohon tsari ne. Haka kuma 1/500 na tsohuwar shota da wuya ya kai yadda aka rubuta, kuma fim ɗin nagatif yana haƙuri da ɗan ƙarin haske.

Dubi ganyayyakin shota da na kafar haske. Su kasance busassu. Sheƙin mai ko tsatsa a kansu na nufin za su manne nan gaba kaɗan, musamman da sanyi.

Kurakurai uku ne ke kashe shota a hannun mai dubawa. Na farko, taɓa libar jinkiri, wadda ke ba mai hoto damar shiga hoton. Ita ce ta fi kowane sashe daskarewa, in ta tsaya a tsakiya ta kulle shotar gaba ɗaya. A Yashica, in libar filasha tana kan M aka ja ta, cijewa take yi ko da lafiyarta ƙalau. Bar libar a X, ka manta da jinkirin. Na biyu, tura zobe zuwa 1/500 bayan an ɗana tsohuwar shotar Compur-Rapid. Gudun ƙarshen yana da nasa sifirin mai tauri, sai a zaɓe shi kafin a ɗana. Na uku, cire ido daga RB67 ko mayar da shi ba tare da an ɗana jiki da idon duka ba. Duk abin da ya ƙi motsi, tsaya ka duba littafi. Kuma kada a fesa wa shota man feshi ko a ɗiga mata man keken ɗinki, zai bi ganyayyaki ya hau gilashi.

8. Gwada naɗin fim

Sa lalataccen fim ɗinka yadda littafi ya ce, ka bi shi har ƙarshe. A masu ƙirga da kansu, ana ja har kibiyar da ke kan takarda ta zo daidai da alamar da ke jikin kyamara, sannan a rufe. Lamba ta tsaya a 1, ta bi har 12, hannun ya riƙa tsayawa da kansa a kowane hoto. Gurnani, zamewa, ko tsallake lamba na nufin haƙoran ciki sun ci. A Yashica-Mat 124 da 124G duba farantin da ke danne fim, ya kasance a kan 12, ba 24 ba.

Masu jar taga a baya, inda kake leƙa lambar da ke kan takarda, ba su da abin lalacewa a wannan fanni ko kaɗan, kuma wannan babbar riba ce ga mai neman ƙarko. Sai dai ka riƙa rufe tagar in ba naɗi kake ba, kada ka juya ta ga rana. In ba ta da murfi, guntun baƙin tef ya isa.

Taɓa ƙananan sandunan da fim ke bi a kansu. Su juya sumul, babu tsatsa. Fim ɗin da ya fito ya zama a matse a kwarkwaro. In ya fito a kumbure, haske zai ci gefensa.

9. Gwada saiti

Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali shi ne ke raba kyamarar da za ta yi hoto da wadda za ta yi ado. Ɗora ta a ƙafa uku ko tebur, buɗe baya, kulle shota a B da igiya, kafar haske a buɗe. Kwantar da gilashinka mai dishi a kan layukan ƙarfen da fim ke kwanciya, ɓangaren dishin yana fuskantar ido. Nufi wani abu mai nisa sosai, kamar eriya ko dogon gini can nesa, ka murɗa saiti zuwa ƙarshe, inda alamar ∞ take. Da gilashin ƙara girma, abin ya fito tar a kan gilashinka, ya kuma fito tar a gilashin leƙe. Sai ka auna mita ɗaya da rabi daga inda fim ke kwanciya, ka kafa takarda mai rubutu, ka saita ta gilashin leƙe, ka sake duba baya. In biyun ba su yarda da juna ba, an taɓa kwance ido ba a mayar daidai ba, ko madubi ya goce. A Bronica S2 da S2A sanadin yawanci soson da ke riƙe gilashin leƙe ne ya narke. Mai gyara yana daidaita wannan, amma ka sa kuɗin a lissafin ciniki.

10. Nemi inda haske ke ɓarawo

Shiga wuri mai duhu, buɗe baya, sa tocila cikin zugazugi, ka bi kowace kusurwa da ido daga waje. Ɗigon haske ko da kamar kan allura ne, huji ne. Biyu ko uku ana toshe su da baƙin fentin yadi mai laushi, a bar shi ya bushe kwana biyu kafin a naɗe. In sun jeru a duk kusurwoyin, zugazugin ya gama yayi, toshe ɗaya buɗe biyu ne.

Kyamarorin Japan na shekarun 1970 zuwa sama da baƙin soso aka toshe bakin ƙofarsu, kuma ya zuwa yanzu ya zama danƙo. Wannan ba dalilin fasa saye ba ne. Da tsinke, auduga da ɗan sifirit ake kankare shi, a manna sabo, ko baƙin zaren ulu in babu soso. Gidan fim na RB67 kusan kullum yana buƙatar wannan, har da ramin da farantin tare haske ke shiga.

11. Ma'aunin haske

Kada ka ƙara ko sisi saboda shi. Na 124G an yi shi ne don batirin zaiba mai bolt 1.35, wanda aka hana yi. Na alkalin mai 1.5 yana sa shi ƙarya. Batirin na'urar ji mai lamba 675 ya fi kusa, sai dai ba ya daɗewa. Manhajar waya ta wadatar. In babu, a rana tsaka mai haske sa f/16 da gudun da ya fi kusa da lambar ISO ɗin fim, ka buɗe mataki ɗaya, wato zuwa f/11, in akwai ɗan gajimare, uku ko huɗu a inuwa. Leƙa gidan batir dai, farin gari ko kore a ciki na nufin ya taɓa zuba, kuma a kyamarar lantarki wannan na iya zama ajalinta.

12. In daga nesa za ka saya

Cinikin biri a sama ne, sai ka rage haɗarin. Nemi bidiyon shota a sakan ɗaya da sauti, hoton ido da tocila ta baya, da hoton cikin gidan fim. Tambayi yaushe aka sa mata fim na ƙarshe, a nuna maka hotunan. "Ba a gwada ba" a tallar mai sayar da kyamarori ka ɗauke shi a matsayin "ba ta aiki". In an rubuta CLA, ana nufin an wanke, an sa mai, an daidaita, sai ka nemi rasit da shekarar da aka yi. Kada ka biya sai da sharaɗin mayarwa na aƙalla mako biyu, don fim ɗin gwaji ya samu zuwa wanki ya dawo.

13. Fim ɗin gwaji

Ranar da ta zo hannunka ka sa fim, ka rubuta abin da ka yi a kowane hoto. Ga tsari na mai hoto 12:

Na 1 da na 2, abu mai nisa, ɗaya a buɗe gaba ɗaya, ɗaya a f/8. Na 3 da na 4, shimfiɗa tef ɗin awo a tebur yana tafiya nesa da kai, ka saita a kan lamba guda, ido a buɗe. Na 5 zuwa na 9, wuri ɗaya, haske ɗaya: 1/500 a f/5.6, 1/250 a f/8, 1/125 a f/11, 1/60 a f/16, 1/30 a f/22. Na 10 da na 11 a cikin ɗaki kan ƙafa uku, sakan ɗaya a f/16 da 1/4 a f/8. Na 12 kada ka ɗauki komai: rufe ido, ka fita da kyamarar rana na minti goma kana juya kowane gefe, zugazugi a buɗe in tana da shi.

Nagatif ɗin za ka duba, ba hoton da aka gyara a kwamfuta ba, don sikana tana ɓoye bambancin haske. Biyar ɗin nan na tsakiya su yi duhu ɗaya. Wanda ya fi baƙi, gudunsa ya yi jinkiri. A hoton tef, in lambar da ta fi fitowa ba ita ka saita ba, koma mataki na 9. Na 12 ya fito fes. Baƙin tabo da ya tsaya cikin iyakar hoto daga gaba ya shigo, zugazugi ko allon ido. Wanda ya tsallaka har bakin fim daga ƙofa ne. In gefe da gefe ne kawai suka yi baƙi kamar an ƙona, naɗin ne ya yi sako-sako, ko an cire fim a rana. Dogon ƙarce daga farko har ƙarshe sandar fim ce mai tsatsa. Ratar da ke tsakanin hotuna in ta ɗan bambanta ba laifi, hawa kan juna ne matsala. Hoton da ya fito fari fat alhali rubutun kamfani na bakin fim ya fito sosai, shota ce ba ta buɗe ba, ko an manta murfi ko faranti. In rubutun ma ya dushe, laifin wanki ne. Lambobi da ɗige-ɗigen takarda da suka bayyana cikin hoto kuwa fim ne ya sha zafi ko laima, babu ruwan kyamara.

Soso, madubi, jinkirin ƙananan gudu da ɗan gocewar saiti duk na gyara ne, ka riƙe ta ka nemi ragi. Karkataccen allo, gam da ya saki, haƙoran naɗi da suka ci da mataccen lantarki, mayar wa mai ita.

Wadda ta tsallake, cire ta daga tsohuwar jakarta ta fata, don fata na riƙe laima. Ajiye ta inda iska ke shiga, ko a roba mai murfi da ƙwayoyin silika, shota a sake ba a ɗane ba, batir a waje. Duk wata ka ɗauko ta ka buga kowane gudu sau biyar ko shida, ka murɗa saiti daga farko zuwa ƙarshe, don kada man ciki ya sake daskarewa.